Durƙuson Gassan a Bikin Rima

Yayana Gassan taurin kai gare shi, amma duk ƙauyenmu ba mai jan layin rawar dabke kamarsa. Bara ya yanke jiki ya faɗi a gona har sau biyu, fata duk ta yi ruɗu-ruɗu, numfashi na sarƙewa. Na raka shi wurin wata likita a garin Zahle. Ta gwada ɓargonsa, ta ce wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast sun yi masa yawa. Da ya motsa jiki ya yi gumi, sai su juye abin da ke cikinsu a jini lokaci guda. Ta ba shi allurar gaggawa ya riƙa yawo da ita, ta hana shi rawa.

Sai ga auren Rima, 'yarsa tilo.

Na ce, "Yaya, ka zauna ka yi tafi kamar sauran tsofaffi."

Ya ce, "Wa kike kira tsoho, Salma? Zagaye ɗaya tak. So kike dangin ango su ɗauka yarinyar ba ta da uba?"

"Allurar fa?"

"Tana aljihun kwat. Je ki duba shinkafarki."

Bayan la'asar, rana ba ta yi sanyi ba, mai ganga ya tsaya a gabansa. Gassan ya cire kwat ya jefa kan na sauran maza, ya kama gaban layi yana juya carbi a sama. A zagaye na uku fuskarsa ta yi jajir, muka ce murna ce. Sai ya zube a kan gwiwoyinsa.

A wurinmu haka gwani ke yi: ya durƙusa gaban ganga ya kwanto baya, kuma iya daɗewarsa a ƙasa iya yabonsa. Mai ganga ya sunkuyo kansa ya ƙara wuta, fili ya ɗauki tafi da guɗa. Rima tana dariya ta ce, "Ya isa, Baba, ka ba samari kunya."

Ita ce ta matsa ta ga leɓɓansa sun kumbura. Muka rufar wa tarin kwat, sun fi ashirin, duk baƙaƙe, muna zazzage aljihunan mutane, ba mu ga allurar ba. Kafin motar da muka sa shi a ciki ta kai Zahle ya cika.

Mai ganga ya zo gaisuwa yana kuka, yana cewa bai sani ba. Gaskiyarsa, ba wanda ya gaya masa. Ni da na ji bayanin likita da kunnena, ni na fara rangaɗa guɗar.