Ruwan Motar Mista Dubyk

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai na iya karantawa, shi ma a kujerar baya ta aji. Wannan ɗin sau uku ina yaga shi. Amma abin ya yi mini nauyi, kuma takarda ba ta kallon mutum.

Ana fitowa da Mista Dubyk zuwa motar asibiti ya cafke hannun rigata. Maƙwabcinmu ne, shekararsa tamanin da ɗaya, shi kaɗai a gidan ƙarshe na layinmu, inda gari ya ƙare gonakin alkama suka fara. Ni na same shi a ƙasan kicin, bakinsa ya karkace, na ruga na kira Mama.

"Farfesa," ya ce da ƙyar, don haka yake kirana. "Ban zubar mata da ruwa ba."

Mama ta ce ya bar zancen mota ya ji da ransa. Ta shiga tare da shi, ta ce in koma gida in rufe ƙofa, kada in kuskura in fita cikin wannan sanyi.

Motar tasa tsohuwa ce ta soja mai taya shida, ta girmi Mama. A gwanjo ya saye ta, ya tuƙo ta kwana biyu a tsakiyar hunturu, da kyandir a gaban gilashi don kada ƙanƙara ta rufe masa hanya. Lagiretonta yana yoyo. Wata shekara karensa ya lashi koren ruwan nan mai hana daskarewa da ya ɗiga a ƙasa, ya mutu. Tun daga ranar zallar ruwa yake zuba mata. Duk Asabar sai ya tafasa bokiti uku ya ɗura, ya tayar da ita, ya je rumbun alkama ya dawo, sannan ya zubar da ruwan tas. In ya kwana a ciki ya daskare, injin zai tsage kamar ƙwai, kuma irinsa ba a ƙera shi kuma.

Ni aikina karatu ne. Idonsa ya yi rauni, sai in zauna a kujerar gefe in karanta masa littafin motar, yana gyara mini da ka, muna cin burodi da jam. Ban taɓa ganin wani ya ƙwanƙwasa ƙofarsa ba, ni ma ba mai neman tawa.

"Kin cinye littattafan garin nan kaf," yakan ce, "amma ba ki san hannun da ake kwance noti ba."

Ranar da ya faɗi Asabar ce. Ƙarfe huɗu rana ta fara faɗuwa, rediyo ya ce sanyi zai kai digiri talatin da huɗu ƙasa da sifiri. Na buga wa Gord makaniki waya. Da ya ce wa ke magana sai na ajiye. Na daɗe tsaye ina jin haushin kaina. Sannan na sa takalmi.

Garejin Mista Dubyk ba wuta, sai warin mai. Na kwanta a ƙarƙashin motar da tocila a baki. Famfon lagireto bai ba ni wahala ba, ruwa ya zubo yana tururi. Amma shafi na sittin da ɗaya na littafin motar ya ce akwai na biyu, ɗan ƙarami a gefen injin, shi ake mantawa. Safar hannu ta hana ni isa gare shi, na cire. Fatar yatsuna ta manne wa filaya. Na murɗa, na murɗa, ya ƙi, har na fara kuka, kafin na gane ƙara ɗaure shi nake yi. Na juya ɗaya hannun. Ruwan ya biyo hannun rigata har hammata, da sauran ɗuminsa. Ban tashi ba sai da ɗigon ƙarshe ya faɗi.

Ranar Laraba ya rasu a asibiti, bai sake magana ba. Na so in aika Mama ta gaya masa, amma da ta tambaye ni abin da ya sami yatsuna na ce mariƙin ƙofa ne. Ya tafi bai sani ba. Wannan shi ne abin da ya yi mini nauyi.

Bayan jana'iza a coci aka taru a gidansa. 'Yarsa Darlene ta zo daga birnin Calgary, da wasu dattawa uku masu irin motarsa, waɗanda da wasiƙa kawai suka san shi. Suka nufi gareji da kofunan gahawa a hannu. Gord ya ce kada su sa rai, tun Asabar ɗin injin ya gama yawo, sai dai a sayar da ƙarfen. Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe.

"Duka biyun a buɗe suke," ya ce.

Aka ɗora bokitai a wuta. A murɗawa ta uku motar ta yi tari, ta kama, baƙin hayaƙi ya cika garejin. Ɗaya daga cikin dattawan ya cire hularsa.

"Kai, tsohon nan. Mutuwa na jiransa a kicin, ya ce ta dakata ya sallami motarsa tukuna."

Suka yi dariya. Darlene ta dafa bonet tana share ido, ta ce tun Asabar take tunanin ya faɗi da abu a ransa, yanzu hankalinta ya kwanta.

Ina bakin ƙofa da farantin kek da aka ce in zagaya da shi. Na buɗe baki in ce ni ce, na dubi Darlene, na fasa. Na ajiye farantin a kan tsohuwar taya, na bi ta bayan gareji na tsallake shinge. Har na isa matakalar gidanmu ina jin ƙugin injin a tafin ƙafata.