Mutum Biyar a Kati

Akawun ya turo katin ta ƙarƙashin wayar taga ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Biyar aka rubuta, huɗu nake gani. Motar tana ɗaukar iyali cikakke ne kawai."

"Ta biyar ɗin matata ce," in ji Tela. "Mun rabu a gada ranar da aka buɗe wuta. Ana nemanta."

"Ana neman mutum dubu tara, malam. Ko ka kawo ta, ko ka sa hannu cewa ta rasu. Na baya!"

Tela ya fita daga layin. Wata goma sha huɗu ke nan suna zaune a tsohuwar masaƙar da aka mayar sansani tun da yaƙi ya cinye garinsu, kowane iyali da tabarmarsa tsakanin injinan da suka yi tsatsa. Ranar da suka iso, mai rajista ya tambaye shi su nawa ne, shi kuwa ya amsa yadda ya saba amsawa: biyar. Maƙwabtansa da suka fi shi wayo sun ƙirga kawunan da ke gabansu kawai. Duk sun shiga mota tun bara.

Ya tarar da surukarsa tana yi wa Auta fifita da murfin kwali. Tarin yarinyar ya koma wani iri, kamar ana yaga tsohon yadi. Yayarta ta tafi layin famfo.

"Me ya ce?" in ji tsohuwar.

"Abin da ya ce wancan makon, Inna."

"Likita kuma ya ce ƙurar nan za ta ƙarasa yarinyar kafin motar gaba. Kai kana jiran wa?"

"In na sa hannu za su cire sunanta daga jerin nema. Ko ta zo bakin ƙofa ba za a bar ta ta shigo ba. Matacce ba ya da kati."

Inna ta ajiye kwalin. "Ni na haife ta, Tela, ba kai ba. Kana tsammanin ka fi ni jira ne? Da a gabanta kake wannan tsaye-tsayen, da ta kwaɗa maka almakashinka a ka. Tashi ka je."

Ya ɗauki katin ya koma.

Takardar ba ta da tsawo. Suna, shekaru, ranar rasuwa. Ya tsaya a kan na ukun.

"Sa ranar gadar," in ji akawun. "Kowa ita yake sawa."

Ya sa. Akawun ya buga hatimi, ya ja layi a kan biyar ya rubuta huɗu.

"Allah ya jiƙanta. Ƙarfe biyu motar za ta tashi, jaka ɗaya ga kowa."

"Ina za a kai mu?"

"Ba a faɗa. Saboda tsaro."

A jikin katangar da ke kallon titi mutane ke bar wa ɓatattunsu saƙo, da gawayi ko alli ko bakin ƙusa. Nasa yana nan tun makon farko, yana sabunta shi duk bayan ruwan sama: *Uwar yara, muna ciki, layin inji na shida.* Ya goge shi da gefen hannun rigarsa. Ya ciro guntun allin da yake zana yadi da shi, wanda ya rage masa daga shago, ya rubuta a wurin: *Mun tafi.*

Direba ya fara danna oda. Babbar 'yarsa ta tsaya a bayansa, da Auta goye a bayanta, tana karantawa da leɓe.

"Baba, ba ka rubuta ina ba."

Tela ya dubi allin. Saura kaɗan, amma zai isa kalma biyu ko uku. Ya ajiye shi a kan bulon da ke ƙarƙashin rubutun, ya ɗauki jakarsa.