Hannun Hagun Abeke

A gidanmu na Ogbomosho ba a nuna babba da hannun hagu, kuma ina goyon bayan haka. Yaron da bai bambanta dama da hagu ba, ban ga abin da boko zai ƙara masa ba.

Abeke jikar Alhaja Sikiratu ce, mai gidan da nake haya. Jarrabawar gama sakandare ta matso, kullum bayan la'asar tana gindin mangwaro tana fama da tsofaffin tambayoyin Fiziks. Ran nan Alhaja ta fito da tukunyar amala, ta tarar yarinya ta ɗaga yatsu uku na hagu tana murɗa wuyan hannu, manuniya daidai fuskar tsohuwa. Abeke ba ta ma lura da ita ba.

Alhaja ta dire tukunya ta yanke hukunci. Babu jarrabawa. Gobe za a kai ta garin Iseyin wurin gwaggonta, ta koyi saƙa da ladabi. Aka kira ni shaida, don ni ne namiji babba a gidan. Na ce hukunci ya yi, amma a bar mai laifi ta yi magana.

Abeke ta durƙusa. Ta ce ƙa'ida ce ta injin da ke juya fanka: manuniya na bin ƙarfin maganaɗisu, na tsakiya na bin wuta, babban yatsa ya nuna inda waya za ta motsa.

"Hannun damanki fa, ya tafi Legas ne?" in ji Alhaja.

"Iya Agba, na dama na janareta ne," in ji Abeke. Haka take kiran kakarta da Yarbanci.

Alhaja ta ce to ashe lantarki ma ba shi da tarbiyya. In gaskiya ne, a nuna mata.

Abeke ta naɗe jan waya kamar zobe, ta kankare bakinta, ta ɗora kan fil biyu. Na ciro mata maganaɗisun tsohuwar rediyona da batir. Kafin ta haɗa, ta roƙi gafara, ta ɗaga hagu, ta ce saman zoben zai nufi rijiya. Ta haɗa, ta ɗan taɓa shi. Ya kaɗa, sai ya kama juyawa da gudu wajen rijiya, ba iska, ba hannun kowa.

Alhaja ta matso, ta juya batirin da kanta, ta ce a faɗa mata yanzu. Abeke ta kifa hannu ta ce ƙofa. Zobe ya juya wajen ƙofa.

Wayar nan tana ta ƙara kamar sauro. Na sha ganin fanka na juyawa, ban taɓa zaton yatsun mutum na ɗauke da dokarta ba.

Can Alhaja ta tambaya, murya ƙasa, me kuma ke cikin takardun. Abeke ta karanto ta gaba: me ke hana wata faɗowa?

"Faɗowa yake yi, Iya Agba. Tun da aka halicce shi yake faɗowa. Gudunsa ta gefe ne ke sa ya kuskure duniya."

Muka ɗaga kai. Ga shi can, fari fat a saman mangwaro, rana ba ta ko faɗi ba. Kowace shekara ina neman watan nan don azumi, ashe ban san abin da nake kallo ba. Alhaja ta yi tasbihi, ta sake yi. Amala ta huce, ba wanda ya tuna da ita.

Da ta sauke kai, ta ce Iseyin na iya jira. Amma in za a ɗaga hannun nan, a juya wa mutane baya, a fuskanci bango. A ɗakin jarrabawa kuma a yi shi ƙarƙashin tebur, don mai tsaro ma uban wani ne. Na ce sharaɗi ya yi daidai.

Abeke ta koma ta fuskanci bango. Ina wucewa ɗakina na hangi Alhaja tsaye ƙarƙashin fankarta, ta sa hagu cikin mayafi, tana jera yatsu uku.