Wa Zai Hura Duron Kabeji

…kuma ba ciwon ne ya fi tsaya wa Nevena a rai ba, kabejin ne. Abin dariya. Likita yana nuna mata hoto, yana cewa sankara ce a mamanta na hagu, ita kuwa hankalinta yana can ɗakin ƙasa na gidanta wajen duron kabeji — wa zai hura?

Tana kishingiɗe a kan dogon bencin kicin, rana ta shigo ta taga, bakinta kamar ta tsotsi ƙarfe. Jiya aka sake ɗura mata ruwan maganin nan. Gashi ya soma bin mataji. To, ya bi mana, ɗankwali bai ƙare a kasuwa ba.

Amma duron… Kowace kaka sai ta jera kabeji, ta zuba ruwan gishiri, ta danne da dutsen kogin da ta gada wajen uwarta. Sai kuma hurawa: a zura tiyo har gindin duro, a hura, gishirin da ya kwanta ya taso ya gauraya, yau da gobe har ya yi tsami. Ka yi sake, ya yi yauƙi, sai zubarwa, Kirsimeti ta zo babu ganyen naɗe shinkafa da nama. Bana ma ta jera. Penka maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa ina ita ina wahala, a sayo na kwalba mana. Na kwalba! A gidan nan?

Numfashin ne babu. Ran nan ta gangara, ta kafa baki, ta hura iya ƙarfinta, ko kumfa bai taso ba. A kan matakala ta zauna har jiri ya sake ta.

Stoil kuwa… mijin nan nata da zai kwance injin mota ya mayar ido rufe, amma bai san inda gishiri yake a gidansa ba.

"Tsoho, zo ka ga yadda ake yi. Ba wuya."

"Ni da kabeji? Aikinki ne. In kin warke kya hura abinki."

Ya ɗauki hula ya fita wajen tattabarunsa. Ta yi fushi, wuni guda ba ta kula shi ba, miyarsa ma da sanyi ta ajiye masa. Taurin kai har cikin tsufa!

Sai dai… a gadon asibiti, allura a hannu, me take maimaitawa? Maganar nan tasa: in kin warke. Likita dai "mu gani" yake cewa. 'Yarta Bilyana in ta bugo waya daga ƙasar Sifen, sai ta yi ta dariyar da ke nuna yanzun nan ta share hawaye. Penka na kunna mata kyandir a coci, tana kallonta kamar mai auna tsawonta. Stoil kaɗai ne daban. Muddin ya ƙi koyo, akwai mutum ɗaya a duniya da bai taɓa kawo wa ransa hunturun da babu ita ba. Tana tsoro, gaskiya tana tsoro, kuma da taurin kan nan nasa take dogarawa.

Meye wannan?

Daga ƙarƙashin daɓen kicin — bul, bul, bul. Sai tari. Stoil ne, ya haɗiyi ruwan gishiri ke nan, ga shi yana zagin tiyon har da kakanninsa. Shiru… bul, bul.

Da ƙarfi yake hurawa, zai fantsama wa kansa. Yaushe ya sauka? Me ya gani a fuskarta da safe? Ko likitan ne, jiya, da ya ja shi gefe…

Ba abin da ta roƙa ba ke nan? Kabeji ya tsira. Bana zai yi tsami, baɗi ma, ko da wa ko ba wa.

"Nevena," muryarsa ta taso daga ƙasa, a dishe, "haka ake yi?"

Haka ake yi. Daidai ma yake yi, abin haushin ke nan. Ta buɗe baki, tana kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken taga… ta ce masa e? Ta ce ya bari, ya hawo, aikinta ne?

Bul, bul, bul.