Taku Goma Sha Biyu a Kan Garwashi

Tun la'asar aka baje garwashin a filin ɗakin bautar Uwa Durobadi, har mutanen da ke layin gaba suna kare fuska da hannu. Elumalai na tsaye cikin masu shiga wuta, sanye da rawayan zane jiƙe sharkaf, da zaren gangamau ɗaure a wuyan hannunsa. Kowa na kiran sunan Uwa, shi kuwa haƙoransa ne ke haɗuwa.

Bara warhaka 'yarsa Kayal na kwance asibiti, zazzaɓi ya cinye ta har likita ya daina kallon idon uwarta. Ranar Elumalai ya zo nan ya kifa goshi a ƙasa ya ce, "Uwa, ki bar mini ita, baɗi zan taka miki wuta." Kayal ta tashi. Bana da lokacin ya zo, pusari, tsohon da ke hidimar ɗakin, ya ɗaura masa zaren. Kwana goma sha takwas ba nama, ba kifi, ba takalmi, ba kwana a gado. Babbar dokar kuma, wadda ko yaron goye a unguwar ya san ta: wanda ya taɓa gawa ya zo ya faɗa, a kwance masa zare, ya jira wata shekarar.

Ya kiyaye duka, sai jiya.

Jiya da hantsi yana jiran fasinja a kekensa mai ƙafa uku, wata mata ta tare shi tana kuka, mijinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi. Direbobi uku sun ƙi tsayawa. Elumalai bai yi tunanin zare ba. Ya ciccibi tsohon, ya keta cunkoson birnin Chennai yana danna oda kamar mahaukaci, ya sake rungumo shi a ƙirji har cikin asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyan tsohon sau ɗaya ta ce, "Ai wannan ya jima da tafiya."

Bai faɗa wa kowa ba. Ta yaya zai faɗa? Alkawarin da ya yi wa Uwa na bana ne, ba na baɗi ba. In aka kwance zaren, ya saɓa mata. In ya yi shiru, ya shigo mata da ƙazanta har gabanta. Ya yi wanka sau uku da ruwan darbejiya, ya zaɓi shirun.

"Kai, suruki, rawar ɗari kake yi a gaban wuta?" Dandapani ne, wan matarsa, wanda ya taka wutar sau tara kuma ba ya bari a manta. "Ko ka saci soyayyen kifi ne a bayan idon ƙanwata? Faɗa mini gaskiya, ba zan tona ba."

"Yaya, don girman Uwa ka ƙyale ni."

"To ai shi ke nan. Mai tsarki dai furanni yake takawa. Wanda ya yi ha'inci kuwa, ka tuna telan nan na shekaran bara? Wata biyu yana rarrafe." Ya ƙyalƙyale da dariya, shi a dole ya yi abin raha.

Pusari ya bi layi yana duba zaren kowa. Da ya iso ya kama hannun Elumalai, ya ɗago ido ya dube shi.

"Ɗana, akwai abin da za ka faɗa mini?"

Can bayan igiyar da ta tare 'yan kallo Elumalai ya hango matarsa Kasturi, ta ɗora Kayal a kafaɗa. Yarinyar na ɗaga masa hannu, da farin fure a kitsonta.

"Babu, Baba."

Ganguna suka ɗauka. Dandapani ya wuce da gudu, ya faɗa ramin madarar da ke ƙarshen wutar yana ihu. Sai Elumalai.

A bakin garwashin ne ya gane abin da yake tsoro. Ba ƙuna ba ce. Ƙunar ma ita yake nema. In Uwa ta ƙona shi, ta hukunta mai laifi, magana ta ƙare a ƙafafunsa. In kuwa ba ta taɓa shi ba, to ta ga wani abin da za ta ɗauka, kuma abu ɗaya tak ta taɓa ba shi: ran Kayal.

Don haka bai yi gudu ba. Ya sa ƙafa, ya danna ta sosai. "Uwa, ga ni, ni na yi, ki ƙona ni." Taku ɗaya, biyu, a hankali kamar mai tafiya kasuwa. Jama'a suka ruɗe da ihu, tsofaffi mata na kuka suna cewa Uwa ta hau kansa. Taku goma sha biyu ya yi kafin ya ji sanyin madara.

Ya zauna a ƙasa ya juya tafin ƙafarsa. Ya goge tokar, ya murza, ya tsunkula. Ko bororo ɗaya babu.

"Kai!" in ji Dandapani yana dukan bayansa. "Ashe waliyyi ƙanwata ke aure ban sani ba!"

Kasturi ta kutso tana hawayen murna, ta miƙa masa yarinyar. Kayal ta kwantar da kai a wuyansa, sai ya ji kuncinta kamar an ɗora masa dutsen guga.

"Jikinta da zafi," ya ce.

"Haba Baban Kayal, a gaban wuta fa muka tsaya tun ɗazu."

Ya ratsa mutane da yarinyar a kafaɗa, ya fita ƙofa, ya wuce masu sayar da furanni da kwakwa, har kwanar mai shayi inda iskar teku ke kaɗawa. Ya tsaya nan ya jira har zufarsa ta bushe, har zanensa ya fara sa shi jin sanyi. Sannan ya ɗora tafin hannu a goshinta.

"Baba," in ji Kayal, ko ido ba ta buɗe ba, "kaina ke ciwo."