Maki Kafin Jarrabawa

Shekara talatin Malama ta yi tana duba takardun jarrabawa, ko rabin maki ba ta taɓa ba wa yaro kyauta ba. Shi ya sa da autarta ta faɗi jarrabawar aikin jinya karo na biyu, yarinyar ba ta ko biyo ta gida ba. Gidan ƙanwar Malama ta wuce, yau sati uku ke nan. Abin yana cin Malama a rai, amma wa zai fara kira? Ba dai ita ba.

Ana cikin haka fasto ya ɗora mata wani littafi mai kaurin bulo, na wani babban masanin tauhidi da ya daɗe da rasuwa, wai ta karanta ta bayyana wa ajin mata ranar Alhamis. Malama ba ta taɓa buɗe irinsa ba. Ta share teburin falo, ta gyara tabarau, ta ɗauko jan biro. Bawan Allah, yana kabarinsa ana ja masa layi!

"Jimla ɗaya layi tara," ta ce wa maigidanta. "Da ɗalibina ne, da ya sake."

A rana ta uku ta kai inda mutumin ya ce Allah yana karɓar mutum saboda alherinsa, ta wurin bangaskiya, tun kafin ya aikata abin kirki ko ɗaya. Ayyukan daga baya suke zuwa, a matsayin godiya.

"Baban yara, ji wani rashin tsari! Wato a ba yaro maki tun bai zauna jarrabawa ba?"

Maigidan yana gyaran fanka a ƙasa, ko kai bai ɗaga ba. "To ki ba shi sifili mana."

"Sai na ga ƙarshen hujjarsa tukuna. Ni ba na zalunci."

Ta juya shafi tana ƙwafa. Can ta tarar ya ce wanda ya ɗauka sai ya ci jarrabawa kafin a karɓe shi, ranar da ya faɗi ɓuya zai yi, kuma wanda ya fi ƙaunarsa shi zai fi guje wa. Ta karanta sau biyu, ta nemi kuskure ta rasa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana ɗaliba.

"Ina makullin mota?"

"Kin gama da shi?"

"Shi ya gama da ni."

A gidan ƙanwarta ta samu autar tana shanya. Yarinyar ta saki zanen da ke hannunta.

"Mama, wallahi maki huɗu ne kawai suka rage, kuma tambaya ta shida..."

"Na tambaye ki?"

Autar ta duƙa ta ɗauki zanen.

"Ɗauko jakarki mu tafi gida, na yi kewarki," in ji Malama. Ta share ido da bakin mayafi, ta ƙara da cewa, "Tambaya ta shidan ma za mu duba ta. Amma sai kin ci abinci."