Namu Ne Ko Na Kusa da Mu

Yaya ba ya iya ganin kuskuren mutum ya bar shi ya wuce, sai ya tsaya ya yi masa darasi a gaban jama'a. Har yau raina tafasa yake in na tuna ranar da muka ɗauko Baba a jirgin ƙasa za mu kai shi aikin ido. Yanar ido ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake rarrabewa, kuma mun sha jira kafin likita ya ce mu zo washegari da safe.

A wata tasha jirgi ya tsaya ya daɗe. Tagarmu tana kallon wani jirgin da ke tsaye dab da namu, ba ka ganin komai sai jikinsa. Ina cikin ɓare wa Baba lemo na ga tagogin can sun fara zamewa. Na ce, "Alhamdu lillahi, mun tashi."

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda kowa a taragon zai amfana. Wai wancan jirgin ne ya ɗan ja baya, namu ko motsi bai yi ba, ido ne ke yaudarar wanda bai saba tafiya ba. Wata mata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Da ina da ƙaramin buhu da na zura kaina ciki don kunya.

Zafi ya yi yawa, Baba ya ce numfashinsa na sarƙewa. Yaya ya sauka da shi ta ɗaya ɓangaren, ya zaunar da shi a benci, ya dawo ɗaukar masa ruwa. Wayarsa ta yi ƙara. Maimakon ya ɗauki gorar ya fita, bawan Allahn nan sai ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shiga hira da abokinsa.

Tagogin can suka sake zamewa, a hankali, babu ko girgiza.

Na miƙe. "Yaya, Baba yana ƙasa."

Ya riƙo hannuna ya mayar da ni kujera, wayar na maƙale a kunnensa. "Ke dai ba kya ɗaukar karatu. Yanzu fa na gama yi miki bayani. Nasu ne."

"Ka leƙa ɗaya tagar mana."

"Sai na leƙa? Zauna, kar ki sake ba mutane dariya."

Taragon ƙarshe na wancan jirgin ya wuce, fili ya buɗe. Sai ga turakun lantarki suna gudu baya, da bishiyoyi, da bayan gidajen mutane. Ban taɓa ganin bakin Yaya a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar.

Na ture shi na ruga ƙofa. Ma'aikacin jirgi ya tare ni, ya ce ba tsayawa sai tasha ta gaba, kuma babu mai komowa baya sai gobe da rana. Na dawo kujerata. Ban zagi Yaya ba, don na san in na fara ba zan iya dainawa ba. Na lalubo lambar Baba na kira, na buɗe muryar wayar yadda duk waɗanda suka yi dariya ɗazu za su ji.

Ya ɗauka da fara'arsa. "Uwata, ina ruwan nawa? Ki ce wa yayanki ya yi sauri ya zo ya shigar da ni. Na ji wani jirgi ya tashi yanzu, kar namu ma ya bi shi."

Na danƙa wa Yaya wayar a tafin hannu, na matse yatsunsa a kanta.

Na ce, "Ga shi. Kai ka iya bayani."